Siyasar Ƙafa da Baki a Ƙasar Lautai

Masu iya magana na cewa, da abokin daka akan sha gari. A siyasar yau kuwa an juya maganar, an ce da mai jakar kuɗi akan ci zaɓe. Duk matashin da ya yi sha'awar tsayawa takara, tambayar farko da za a jefa masa ita ce, wane ne ubangidanka? Ba laifin masu tambayar ba ne, domin a 2022 takardar neman takarar majalisar wakilai ta tarayya kaɗai, jam'iyyar APC ta sayar da ita naira miliyan 10. To ina malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa zai kama?

Amma 'yan'uwa marubuta, mu da muka tashi a ƙasar Gumel mun ji daga bakin iyayenmu cewa ba haka aka fara ba. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikin mutum takwas ɗin da suka kafa ta har da mawaƙi, wato Mudi Sipikin. Teloli da mahauta da 'yan koli su ne suka ɗauki saƙon Malam Aminu Kano a kan kekuna, kasuwa zuwa kasuwa. Su suke sayen katin jam'iyya da kuɗinsu, ba a ba su ko anini. Irin da suka shuka shi ya tsiro a 1979, sa'ad da PRP mai alamar mabuɗi ta ci tsohuwar Jihar Kano, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali.

Wannan tarihi shi ya ƙarfafa mana gwiwa da muka tashi taya wani malaminmu neman kujera, alhali bai mallaki komai ba sai babur da mutunci. Abin da muka fara ganewa shi ne, taro ba sai mun kira shi ba, yana nan a kafe. Ran Alhamis kasuwar Maigatari takan tattaro mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, har da baƙi daga Jamhuriyar Nijar, ba tare da wani ya biya musu kuɗin mota ba. Sai mu raba kanmu, wasu kara wajen dillalan dabbobi, wasu rumfar teloli, wasu teburin mai shayi. Ba ma ɗaga murya. Mukan zauna, mu gaisa, mu saurara. A nan muka ji cewa damuwar manomin Gagarawa ita ce gonarsa, ta mai kiwo burtali da mashaya, ta matan karkara kuwa nisan asibiti ran haihuwa. Da dare mu rubuta, da safe mu kai wa Malam, don in ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cikin mutane.

Na biyu, zumunci. Suna da ɗaurin aure da zaman makoki ba su cin kuɗi sai ƙafa. Ɗan takarar da ya zauna kan tabarma ya yi ta'aziyya tun kafin a kaɗa gangar siyasa, ba a mance shi. Matanmu da ƙannenmu mata su suka shiga gidajen da mu ba mu isa mu shiga ba, kuma adashin da suka kafa shi ya riƙa zuba mai a babura.

Na uku, alƙalami, kuma nan ne namu ya shigo. Wani cikinmu ya tsara waƙa, ba zambo ba habaici, yara suka ɗauka suna rerawa a dandali. Muka rubuta manufofin Malam a takarda ɗaya tak, gaba da boko, baya da ajami, saboda dattijon da bai yi boko ba ya karanta da kansa, kada a karanta masa a ƙara gishiri.

Na huɗu, tsaron akwati. Kiran nan na "a kasa, a tsare, a raka" ba ya bukatar miliyoyi, mutum yake bukata wanda ba za a saye shi da kuɗin cefane ba. Wakilin da aka ɗauko haya yakan bi wanda ya fi tsoka, amma ɗan unguwa da ya sa guminsa cikin tafiyar yakan tsaya har a ƙirga, a rubuta, a ba shi kwafinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Ana gobe zaɓe motocin taliya da sabulu da atamfa sukan shigo ƙauye, kuma wanda ya kwana da yunwa ba a yi masa dogon wa'azi. Mun ga waɗanda suka yi mana alkawari da rana suka sauya da dare. Mun kuma ga tsohuwar da ta karɓi sabulun, gari ya waye ta dangwala wa wanda ranta yake so.

Abin da ya sa muka nace shi ne bashi. Wanda attajiri ya ɗauki nauyinsa, ran da ya hau kujera attajirin zai fara biya, da kwangila da filaye. Wanda kuwa mai shayi da tela suka tara masa, su yake jin kunya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 muke zaɓe muna kuka, alhali maganin yana hannunmu. Mu da Allah Ya ba baiwar sarrafa harshe, in muka sayar da waƙa da rubutu ga mai tsada, wa zai yi wa talaka magana kyauta? Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kunyarmu, amin.