Filin da Baba Bai Saya Ba



A Bogobiri ta Kalaba aka haife ni. Mahaifina albasa yake saukewa daga arewa, ya loda manja ya tura. Bara wani dillali ya nuna masa fili a wajen Mfamosing, cikin ƙaramar hukumar Akamkpa, da araha ƙwarai. Niyyar Baba ya gina shago da ɗakunan haya, saboda direbobin da ke jigila a kamfanin simintin da ke yankin.

Ranar da muka je, an kwana ana ruwa, amma filin babu ko ɗan tafki. A tsakiyarsa akwai wani kwari kamar ƙwarya, ruwa na shiga ta gindinsa yana ɓacewa. Baba ya ce, "Ka ga ƙasa mai kyau, ba ta riƙe ruwa." Ni kuwa gabana ya faɗi, don na tuna darasinmu na sakandare.

Dutsen yankin irin wanda ake yin siminti da shi ne, ya samo asali daga ɓawon halittun teku tun kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Ruwan sama yana ɗaukar ɗan tsami daga iska da ruɓaɓɓen ganye, ya bi tsagar dutsen yana cinsa sannu a hankali har ya zama kogo. Idan ƙasar da ke sama ta rasa madogara, sai ta burma da duk abin da ke kanta. Rijiya ma a irin wurin tana da haɗari, domin ƙazantar masai kan gangara cikinta ba tare da yashi ya tace ta ba.

To, yaya yaro zai gaya wa mahaifinsa ya yi kuskure a gaban dillali? Na yi shiru har muka shiga mota, sannan na ce, "Baba, don Allah a kira masana su gwada ƙasar kafin a biya." Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Araha ba ta ado."

Da aka ambaci gwaji, dillalin ya daina ɗaga waya.

Mu baƙi mukan san farashin kasuwa, amma ba mu cika tambayar 'yan gari halin ƙasarsu ba. Kafin ka biya kuɗin fili, tambayi manoman wurin inda ruwan damina yake tafiya.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.