Nagasaki, birnin da ƴan mishan suka koyi shan shayi

Galibin ƴan kasuwa sun san ƙasar Japon ta wajen motoci da babura. Amma a can yammacin tsibirin Kyushu akwai wani birni, Nagasaki, wanda tarihinsa ya ginu kan ciniki da addini tare. Birni ne da ya matse tsakanin duwatsu da teku. Gidaje sun hau gangare suna kallon ruwa, kuma a wasu unguwanni matakala ce hanya, mota ba ta shiga.

A shekarar 1549 ne Faransuwa Zabiye, ɗan ƙungiyar Jezuwit, ya sauka a Kagoshima. Wahalarsa ta fari ita ce sunan Ubangiji. Tafintansa Anjiro ya ba shi kalmar Dainici, shi kuwa ya shiga wa'azi da ita, har malaman addinin Buda na ɗarikar Shingon suka yi marhabin da shi, domin sunan abin bautarsu ne. Da ya gane, sai ya koma ga kalmar Latin, Deus. Masu gaba da shi suka ce a kunnensu ta yi kama da kalmar da ke nufin babbar ƙarya. Masu fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa ba su sha wannan wuya ba, sun tarar da kalmar Allah a bakin kowa.

Jiragen Fotugal suka fara tsayawa Nagasaki a 1571, suna kawo alharinin Sin daga Makawo, suna komawa da azurfa. Sarkin yankin, Omura Sumitada, wanda ya riga ya karɓi baftisma, ya damƙa wa ƴan Jezuwit tashar a 1580. Su ma suna da kaso cikin cinikin alharinin, da shi suke ciyar da aikinsu. Wannan haɗin ya kawo musu dukiya, daga baya ya jawo musu zargi.

Wanda ya fi kowa fahimtar ƙasar shi ne Alesandaro Balinyano, mutumin Italiya, da ya iso a 1579. Ya tarar shugaban mishan, Faransisko Kabaral, yana raina mutanen ƙasa, ba ya son a naɗa su limamai. Balinyano ya sauke shi daga wannan aiki. Ya umarci ƴan mishan su koyi harshe, su ci abinci irin na masu gida, su kiyaye tsabta, su san gaisuwar da ta dace da kowane matsayi. Har ya ce a keɓe ɗakin shayi a gidajen mishan, domin a Japon ba a tarbar babban baƙo sai da shayi da ladubbansa. A nan Balinyano ne ke da gaskiya: wanda bai iya zama kan tabarmar mutane ba, da wuya su saurari maganarsa.

Amma ladabi bai kwantar da hankalin masu mulki ba. Toyotomi Hideyoshi ya ba da umarnin korar ƴan mishan a 1587. Ranar 5 ga Fabrairu 1597 aka gicciye mutum 26 a tudun Nishizaka, 20 daga cikinsu ƴan ƙasa ne, har da yara uku. Tudun yana kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma tun 1962 siffofinsu na tagulla suna jere a bango guda. A 1614 aka haramta addinin gaba ɗaya. Bayan tawayen Shimabara aka kori ƴan Fotugal a 1639, aka bar ƴan Holan kaɗai cikin Turawa, a ɗan tsibirin Dejima, saboda su ciniki ya kawo su, ba wa'azi ba. Kowace sabuwar shekara ana sa mutanen birnin taka hoton Yesu ko na Maryamu don a gane mai imani.

Sama da shekara 200 ba limami ko ɗaya. Duk da haka, ranar 17 ga Maris 1865, wasu manoman Urakami suka shiga sabuwar majami'ar Oura da aka gina domin Faransawa, suka bayyana wa limami Bernar Petijan cewa addininsu ɗaya da shi. Kakanninsu sun riƙe baftisma da kalandar idi a ɓoye, suna addu'a gaban gunkin Kannon na Buda, suna nufin Maryamu. Hukuma ta kwashe fiye da mutum 3,000 zuwa wasu larduna, sama da 600 suka mutu, kafin a daina aiki da haramcin a 1873.

Waɗanda suka dawo suka gina babbar majami'ar Urakami da jan bulo, aikin shekaru kusan 30. Ranar 9 ga Agusta 1945 bam ɗin nukiliya na Amurka ya fashe kimanin mita 500 daga gare ta. Cikin Kiristocin unguwar wajen 12,000, kusan 8,500 suka halaka. An sake gina ta a 1959, amma kan hasumiya guda da ya faɗo yana nan kwance a gindin tudun.

Yau Kiristoci ba su wuce kashi 1 cikin 100 na mutanen Japon ba, ko da yake makarantun mishan suna da daraja, kuma matasa da yawa suna ɗaura aure irin na majami'a ba tare da sun shiga addinin ba. Wani sashe na masu ɓoyon nan kuwa ya ƙi komawa ƙarƙashin Roma, ya zaɓi abin da iyaye suka bari. A tsibirin Ikitsuki tsofaffi ƙalilan suna rera addu'o'in da suke kira orasho, cakuɗen Latin da Fotugis da Japananci, kuma ƙungiyoyinsu suna watsewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin magada.