Gadon da Ke Cikin Jini

In an ce gado, hankalinmu yakan tafi wurin gona da gida da shanu. Amma akwai wani gado wanda ba a tara dangi domin a raba shi, gama kowa da nasa aka haife shi. Shi ne abin da muka ɗauko daga iyayenmu cikin jini. Yawancinmu mun san haka ta wurin ciwon sikila. Yaran ajina ma sukan gane nan da nan in na koya musu yadda ɗa yake ɗauko kamannin ubansa. Abin da ba mu cika ji ba shi ne, akwai cututtukan gado waɗanda ba sa nuna kansu sai mutum ya haura shekara 40.

Rashin lafiyar ƙanen mahaifina ne ya sa na shiga bin wannan zance. Baffa mutum ne mai jiki. Da ya kai shekara 58 sai yatsunsa suka fara mutuwa, ya kasa sa maɓallin riga, tafiyarsa kuma sai ka ce mai jiri. Dangi suka ce sanyi ne. Da aka ɗauki hoton wuyansa, likita ya ce wata jijiya ce ta zama ƙashi. Ya tambaye mu ko akwai mai irin wannan a zuriyarmu, ko mai ciwon sukari, ko mai yawan maiƙo a jini. Mu huɗu muna tsaye, ba wanda ya iya ba shi amsa.

Ga yadda abin yake. Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, ɗaya bisa ɗaya. Akwai wata jijiya mai kamar igiya da take ɗaure su, tana kwance dab da laka. Ga waɗansu mutane jijiyar nan takan yi kauri a hankali har ta zama ƙashi, sai ta matse lakar. Daga nan hannu da ƙafa su fara rashin ji. Likitoci suna kiran ciwon OPLL. Wani likitan Ingila mai suna Key ya bayyana shi tun 1838, amma a Japan aka fi saninsa, domin can yakan kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 30. Ya fi kama maza. Likitocin Japan sun kuma ga cewa kusan 3 cikin 10 na 'yan'uwan mai ciwon, waɗanda suke ciki ɗaya da shi, su ma suna da shi.

To, ina ruwan maiƙon jini? Maiƙon nan, wato kolestarol, hanta ce take yin yawancinsa, jiki kuma yana bukatarsa. In ya yi yawa ne yake toshe hanyoyin jini. Shi ma ana gadonsa. Wajen mutum 1 cikin 250 da yawansa aka haife shi, ko da ba ya cin kitse, kuma kowane ɗa nasa yana iya ɗauka, rabi da rabi. Brown da Goldstein na Amurka sun sami kyautar Nobel a 1985 domin sun gano dalilin haka. Likitocin ƙashi a Japan kuwa sun lura cewa masu jijiyar da ta zama ƙashi sau da yawa suna da ƙiba, da sukari, maiƙon jininsu kuma ba daidai yake ba.

Amma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Saboda haka masana suka koma kan ƙwayoyin gado, gama waɗannan tun a ciki ake samunsu, kafin mutum ya fara cin tuwo. Sukan ware waɗanda suka gaji saurin ƙiba ko yawan maiƙo, su duba ko ciwo ya fi kama su. Ta wannan hanya aka ƙara tabbatar da cewa yawan maiƙo yana jawo ciwon zuciya. A 2023 kuma, bayan an bincika Japanawa fiye da 22,000, aka ga ƙiba tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon jijiyar nan.

Mai karatu, ba mu muka zaɓi jininmu ba, ba kuma laifin iyayenmu ba ne. Amma akwai abin da ke hannunmu. Mu tambayi tsofaffinmu tun suna da rai abin da ya kwantar da kakanninmu, mu rubuta a littafi kamar yadda muke rubuta ranar haihuwar yara. Wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa maiƙo da sukari. Mu rage kitse da soye-soye, mu riƙa motsa jiki. Wanda kuma yatsunsa suka fara mutuwa, kada ya yarda a ja masa wuya ko a murɗa, gama ƙaramin rauni yana iya shanye jiki. Ya tafi asibiti da wuri, akwai aikin da ake yi a buɗe wa laka hanya. Ran da likita zai tambayi 'ya'yanmu, bari ya tarar suna da amsa.