Kwaɗin Tawa da Yaron Illela

Ranar da na je gida Illela hutun ƙaramar Sallah, ƙanwata ta kawo mini ƙarar ɗanta. Ta zube littattafan rubutu guda huɗu a gabana, ta ce, "Yaya, dubi abin da yake yi da kuɗin ubansa." Na buɗe, ban ga lissafi ba, ban ga Turanci ba. Kowane shafi an tsaga shi gida shida da rula, a cikin gidajen kuma labarin wani jaki ne da ke fasa-ƙwaurin shinkafa daga Ƙonni, da wata kura mai gadin shinge wadda kullum sai jakin ya yi mata wayo. Na kai shafi na goma kafin na tuna cewa faɗa aka kira ni in yi.

Yaron shekararsa 15. Da uwarsa ta shiga ɗaki, ya matso ya ce, "Kawu, wai wannan sana'a ce?" Na ce ya ba ni lokaci. Amsar da na tattara ita ce wannan wasiƙa.

Ni ma na yi irin wannan zane ina kamar shekarunsa. Wani malaminmu ya kama littafin, ya yaga shi a gaban aji, ya ce zanen abu mai rai ba aikin ɗan Musulmi ba ne, kuma ko da aikinsa ne, ba ya ciyar da gida. Maganar farko ta malamai ce, kuma sun daɗe suna tattauna ta. Ta biyun ce ta kashe mini gwiwa, domin ban san mutum ko ɗaya da zan nuna in ce ga wanda ya yi ba. Sai da na girma na gano cewa mutumin yana nan, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakanina da shi. In ka tsallaka Ƙonni ka miƙe arewa, za ka isa Tawa, garin da ya zauna a ƙarshen rayuwarsa.

Sunansa Moustapha Alassane, wato Mustafa Alhassan a rubutunmu na wannan ɓangare. An haife shi a 1942 a ƙasar Nijar, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Ba da littafin labarin zane ya yi suna ba, amma duk cikin mutanen yankinmu ban ga wanda ya fi shi kama da abin da ɗan ƙanwata ke son zama ba: mai ba da labari da hoto, wanda bai yarda hanya ɗaya ta ɗaure shi ba.

Da wasan inuwa ya fara. Tun yana yaro yakan yanka siffofi, ya sa fitila a bayansu, ya tara mutane su kalli inuwa tana motsi. Wannan wasan kwaikwayo ne tsantsa: ga mai wasa, ga 'yan kallo, in labari bai yi daɗi ba a watse a bar ka da fitilarka. Ya koyi kanikanci, sannan ya sami aiki a cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai, inda ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch. Daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. A 1962 ya yi Aouré, fim a kan aure, da mutane na gaske. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, da zane. A 1966 ya yi biyu: Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, ana ta yi masa fareti. A 1972 ya yi F.V.V.A., haruffan farko na mace, gida, mota da kuɗi a Faransanci, ya caccaki sababbin manyan gari. A 1977 ya koma ga 'yan tsana a Samba le grand. Akwai kuma Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke kokawa irin tamu, har sunan ma namu ne.

Me ya sa mutum ɗaya zai yi ta sauya hannu haka? Na ɗauka rashin kayan aiki ne kawai, kuma akwai wannan. Amma da na zauna da littattafan yaron nan, na ga wani dalili. Hanyoyin uku sun bambanta a kan abu guda: wa ke riƙe da lokaci?

A labarin zane, mai karatu ne. Marubuci ya zana jaki yana tunkarar shinge a gida na farko, a na biyu ya zana kura kwance buhu a kanta. Abin da ya faru a tsakani, mai karatu ne ya cika shi da kansa, a saurin da ya ga dama. Gwanintar ita ce sanin abin da za a bari ba a zana ba.

A zane mai motsi, na'ura ce. Fim na gudu da hoto 24 a daƙiƙa, masu katun kuwa sukan wadatu da zane 12, kowanne a ɗauke shi sau biyu. Ke nan katun na minti biyar yana iya cin zane 3,600. Nan babu gurbin da za a bar wa mai kallo, duk ƙiftawar ido sai an biya ta da gumi.

A dandali kuwa, jama'a ce. Duk wanda ya taɓa yin tashe da azumi ya san haka: in ka yi barkwanci aka yi shiru, nan take ka ji a jikinka. Abin da ya horar da 'yan wasan samariya na Nijar ke nan a zamanin Seyni Kountché, har irin su Yazi Dogo suka cika gidajen Hausawa ta talabijin.

Wanda ya bi hanyoyin nan uku ya koyi taƙaitawa daga ta farko, haƙuri daga ta biyu, kunyar jama'a daga ta uku. Sana'ar ita ce labarin, sauran duk abin hawa ne. Mu 'yan bakin iyaka bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. An rufe iyakarmu a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, kuma kowa ya ga cewa ɗan kasuwar da ya san hanya ɗaya tak shi ya fara karyewa.

Sai dai ba zan yi wa yaron ƙarya ba. Alassane bai rayu da zane kaɗai ba. Ya shugabanci sashen fim na jami'ar Yamai shekara 15. A Tawa otal yake da shi, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aiki. Babban baje-kolin finafinansa da gidan adana fasaha na MoMA ya yi a New York a 2017 ya zo ne shekara biyu bayan an binne shi. Mu kuwa da muke maƙwabtansa, makaranta ta juya fuskarmu Ingila da Amurka, tasa ta juya shi Faransa. Muka tashi mun san Tom and Jerry, ba mu san kwaɗin Tawa ba.

Na kira ƙanwata da ɗanta a waya na faɗa musu sharuɗɗa uku. Zai riƙe karatunsa, domin mai zane yana bukatar abin da zai ci yayin da yake zanen. Zan saya masa takardar zane, ya bar littattafan makaranta su huta. Kuma azumi mai zuwa zai tara abokansa su yi labarin jakin nan a tashe, ƙofa-ƙofa, ya ga inda ake dariya da inda ake hamma.

Uwar ta ce, "Yaya, kai ma ka goya masa baya ke nan?" Na ce mata littafi na huɗu ya ƙare kura ta ritsa jaki a bakin rafi, kuma ina so in san yadda ya kuɓuta.