Amfani Ya Shigo Gida, Ina Muka Nufa?

Rubutun wannan makon daga Tafoki yake zuwa muku, cikin ƙaramar hukumar Faskari.

Mu a nan gona ce ke yanka mana lokacin tafiya. Daga saukar ruwan shuka har zuwa karyar masara babu mai motsawa, ko biki sai a ɗaga shi. Sai kaka ta yi, buhuna sun shiga ɗaki, hazon hunturu ya fara sauka, sannan mutum ke samun kuɗi da sarari a lokaci guda. Iyayenmu a irin wannan lokaci suke tafiya cin rani. Mu kuwa mu shida ne, shekara uku muna zuba adashi da niyyar mu taka wata ƙasa ko sau ɗaya ne a rayuwa. Bana kwasa ta zo, sai muhawara ta tashi kan inda za a nufa.

Turai muka fara cirewa. An ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu masauki na sauƙi a can saboda baƙi sun ragu. To amma abin da ya kori baƙin shi zai tarbe mu: sanyi mai ratsa ƙashi, ga rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a Landan. Ga kuɗin biza da ba a mayarwa idan an hana ka. Dubai kuma akasin haka ce. Watannin sanyi su ne kasuwarta, lokacin ne duniya ke tururuwa can, komai ya yi tsada. A nan muka gane cewa kowace ƙasa da nata lokacin arahar, sai an bincika ɗaya bayan ɗaya.

Biyu daga cikinmu sun so Kaulaha, a Senegal. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, ga ziyarar Madina Baye inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance tun 1975. Sai dai Mauludin 2025 a farkon Satumba ya faɗo, masara na tsaye a gona, babban taron ya wuce mu. Wani ya kawo Agadas, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kusa ce, Hausa ake ji, CFA kawai za a canza. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, hankalin iyayenmu bai kwanta da doguwar tafiyar mota a can ba. Mutanen da suka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba sa buƙatar a yi musu bayanin hanya mara tabbas.

Sai magana ta koma kan Umara, kuma a nan muka daɗe.

Mafi yawan mutanenmu a azumi suke son zuwa, saboda falalar da malamai suka karantar da mu. Wannan son ne ke tayar da kuɗin jirgi da masauki, musamman a goman ƙarshe. Azumin 2026 wajen 18 ko 19 ga Fabrairu ne farkonsa. Watan Rajab, wanda shi ma ake cika a cikinsa, ya shigo wajen 21 ga Disambar 2025, daidai da hutun makarantu na ƙarshen shekara a ƙasashe da yawa. Ke nan sararin da ya rage mana shi ne Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, watannin Jimada, lokacin da cunkoso ke ɗan lafawa. Yanayi ma na taimakawa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. A hunturu kuwa rana a Makka ba ta cika wuce talatin da 'yan kai ba, Madina ma har rigar sanyi ake nema da asuba. Ga jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke cinye kilomita 450 tsakanin biranen biyu cikin kamar awa biyu da rabi.

Akwai abin da ya ƙara mana azama. Kowace shekara azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2030 sau biyu zai kama, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Nan da 'yan shekaru kakarmu da lokacin tsadar Umara za su haɗe wuri guda. Wannan sararin da muke gani yanzu rufewa yake yi.

To amma araha a can ba ta zo daidai da araha a nan ba. Lokacin da kujera ta fi sauƙi shi ne lokacin da masara ta fi faɗuwa a kasuwar Ɗandume da ta Sheme, domin kowa ya fito da tasa. Wanda ya sayar a Nuwamba ya san abin da ya bari ga mai ajiya zuwa bazara. Ga Naira, wadda kafin Yunin 2023 take wajen 460 kan Dala a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Adashin da muka fara da lissafin mutum shida, yau ba zai kai shida ba. Mun sayar da waken suya da shanun kiwo biyu, mun bar masara a ɗaki saboda cin gida, duk da haka kujera huɗu kuɗin suka tsaya.

Da muka zauna rabon kujerun sai zancen ya sauya. Biyu daga cikinmu iyayensu mata sun haura saba'in, ba su taɓa ganin Ka'aba ba, kuma ba za su iya turmutsitsin azumi ko zafin Hajji ba. Wani a cikinmu ya ce, "Mu muna da sauran ƙafa in Allah Ya ara mana rai. Inna fa, shekara nawa za ta jira?" Babu wanda ya yi musu. Tsofaffi biyu za su tafi, da 'ya'yansu biyu masu tura keken ɗawafi. Mu huɗu da muka rage mun sake ɗaura adashi.

Ga wanda ke shirin irin wannan, kaɗan daga abin da muka tsaya a kai. A nemi fasfo da wuri, da katin rigakafin shawara da na sanƙarau. A tabbatar kamfanin da za a bi yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kada a tura kuɗi asusun mutum ɗaya don ya iya magana. A kama hanyar Funtuwa zuwa Kano da rana tsaka. Sannan a kame baki. A yankinmu, hoton fasfo da tikiti a Facebook sanarwa ce ga waɗanda ba a gayyata ba cewa gidan nan akwai kuɗi. Hoto ya jira a dawo.

Tunda marubuta ne mu, mun ɗora wa masu tafiyar aiki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka a 1921, har yau ana ba da labarin. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mun saya wa kowannensu littafin rubutu, mun ce kullum bayan Isha'i su zauna kusa da tsofaffin su rubuta abin da suka ce sun gani, da kalmominsu, ba gyara. Labarin tafiyar sarakuna da malamai muna da shi. Na tsohuwar da ba ta taɓa wuce Funtuwa ba shi ne ba mu da shi a rubuce.

Ku fa, in amfani ya shigo gida, ina za ku nufa, kuma wa za ku sa a gaba? Allah Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya.