Kuɗin yaro a asusuna

Shekara biyu kuɗin ɗan wana suna shiga asusuna na banki, kuma ni na ce a yi haka. Yaron maraya ne, a hannuna ya tashi, ya fara gyaran waya yana ɗan shekara 16 a wata rumfa da ke bakin titin Abuja zuwa Lokoja, nan cikin Abaji. Direbobi da masu sayen doya ba sa yankewa a wurin, kuma yawancinsu tura kuɗi suke yi ta waya. Da ya ce, "Baffa, zan buɗe nawa asusun," sai na hana shi. Na ce yaro bai isa haraji ba, kada ya kai sunansa inda hukuma za ta sa masa ido.

Wannan magana gadonta na yi. A zamanin En'e dagaci kan ƙirga baligai maza ne ya yanka musu haraji, yaro kuwa sai ya kawo ƙarfi ake sa shi a lissafi. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke wancan haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, amma tunanin ya zauna a kawunanmu. Harajin kuɗin shiga daban yake. Abin da mutum ya samu ake dubawa, shekarun haihuwarsa ba su shiga lissafin ba.

Na gane haka ne da sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Wani abokin aikina mai riƙe da lissafin albashi ya zaunar da ni ya warware mini ita. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, a haka ake hawa har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mai sana'a kuma ribarsa ake auna wa, bayan an fitar da kuɗin kaya da hayar rumfa.

Nan gabana ya faɗi. A ce ribar yaron a shekara naira 600,000 ce. Da sunansa, ko kwabo ba a binsa. Amma albashina ya riga ya cinye 800,000 ɗin da aka yafe mini, don haka in aka ɗauki kuɗin nan a matsayin nawa, naira 90,000 ke hawa kaina. Abin da ya fi wannan muni, ba mu da littafi. Ba rasit ɗin allon waya ko batir da yake sarowa daga Gwagwalada, ba abin da zai raba jari da riba, ba abin da zai raba kuɗinsa da gudunmawar biki da 'yan'uwa ke turo mini. Shigar kuɗi asusu kaɗai ba ya mayar da su abin biya wa haraji, amma in aka tambaye ni, da me zan nuna?

Asarar da ta fi ci mini rai ba ta naira ba ce. Wani kamfani ya so ba shi aikin gyara wayoyin ma'aikatansa, aka nemi lambar harajinsa da takardar banki mai nuna cinikinsa. Yaron da ya yi shekara biyu yana gumi ya tsaya ba shi da ko layi ɗaya da sunansa. Aikin ya tafi hannun wani. Bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi, domin dukiyar maraya amana ce, ni kuwa na cakuɗa ta da tawa da sunan kare shi.

Mun gyara abin da zai gyaru. Da lambarsa ta NIN, wadda a yanzu ita ce ke zama lambar harajin mutum, muka buɗe masa asusu. Na bi takardun bankina wata-wata na tsamo abin da na tabbatar nasa ne, na mayar masa, inda na yi shakka kuma na bar masa. Ya sayi littafi yana rubuta saye da sayarwa kullum kafin ya rufe rumfa. Da yake Abaji na cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, hukumar FCT-IRS, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke karɓar bayanin kuɗin shigar mazauna nan, kuma ƙarshen watan Maris ne wa'adin kowace shekara. Zai cike takardar da kansa ko da lissafin ya nuna ba a binsa komai.

Yaran maƙwabta masu POS da masu ɗinki da yawa har yau da asusun iyayensu suke karɓar kuɗi. Na fara bin iyayen gida-gida ina faɗa musu abin da ya same mu.