Ƙamshin taba cikin hunturu

Turare ma da lokacinsa. Mai nauyi, irin wanda aka haɗa da taba da banila, in aka shafa shi da bazara sai ya hau kai. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo ya rufe hanyar Agiye zuwa Gazawa, yakan kwanta cikin riga, ya yini yana tashi sannu-sannu.

Shi wani malamin lakwal na Gazawa ke shafawa. Ba na Tom Ford ba, wanda ya fito a 2007, da kuɗin kwalba guda ke sayen buhunan gero. Kwaikwayo ne da ƴan tebur ke aunawa. A sahun salla an sha yi mashi kallon mashayin sigari, har wani dattijo ya ja shi gefe ya yi mashi nasiha. Ya gode, amma bai bari ba.

Mahaifinsa manomin taba ne a fadamar Gulbin Maradi, wajen Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji. Da furenta da goro mahaifiyarsa ke rina haƙora. Da kuɗin ganyenta aka saya mashi littafi da rigar sanyi. Shin ɗa na ƙyamar ƙamshin gidan ubansa?